Filin Tambaya da Amsa: Ƙa'idojin Minecraft da masu bidiyo ba sa faɗa wa mai waya

Wasiƙun wannan wata kusan dukkansu a kan Minecraft, gem ɗin gini da bulo, suka zo, shi ya sa na ɗage na ƙwallo da na tseren mota zuwa fitowa ta gaba. Waɗanda suka yi kama da juna na haɗe su wuri ɗaya, na kuma datse gaisuwa, domin akwai wanda gaisuwarsa ta ninka tambayarsa tsawo. Duk ina amsawa.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na ga wani bidiyo a YouTube, mutum ya gina injin ƙarfe da 'yan ƙauye uku da zombi guda, ƙarfe na ta zuba cikin akwati. Ni da abokina munka bi shi bulo bayan bulo, ba mu rage komi ba, amma ko ƙusa ba mu gani ba. Mi yas sa? Ko wayata ta lalace?
– Ɗalibi daga Mabera

Amsa: Ƙanena, wayarka lafiyarta lau. Ginin wani gem kuka ɗauko kuka kafa a cikin wani gem daban. Minecraft iri biyu ne masu suna ɗaya da kama ɗaya. Akwai Java, na asali, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, kuma a kwamfuta kaɗai ake buga shi. Akwai kuma wanda ya shigo waya a 2011, wanda yanzu ake kira Bedrock. Shi ne a hannunka, shi ne a hannuna, shi ne a hannun duk yaron da ka gani ya duƙufa kan waya a bakin shagon mai caji. Da harshen kwamfuta daban-daban aka rubuta su, don haka a ido duk ɗaya ne, amma a ciki ƙa'idojinsu sun sha bamban. Manyan masu bidiyon nan kuwa yawancinsu Java suke bugawa, kuma ba kowannensu ke damuwa ya faɗa ba.

Ga naka lamarin. A Java, 'yan ƙauye uku da suka samu barci, in suka hango zombi suka firgita, sai dogarin ƙarfe ya fito don ya kare su, injin ya kashe shi, ƙarfensa ya gangara akwati. A Bedrock tsoro ba ya kiran dogari ko kaɗan. Yawan jama'a wasan yake dubawa: sai ƙauye ya kai gado 20 da mutum 10, kowa ya kama gadonsa, kuma kashi uku cikin huɗunsu sun je wurin sana'arsu a yinin da ya wuce. Mutum uku da zombi kuwa, ko shekara za su yi suna harara juna ba abin da zai fito. Ku sallami zombin nan, ku je neman ulu da katako ku yi gadaje.

Ba nan kaɗai suka rabu ba. A Java, in ka kafa ƙyaure a ƙarƙashin ruwa yana ba ka gurbin iska ka numfasa. A namu ruwa yana cika ƙyauren, ka nutse kana tsaye a ciki. Mu ma dai ba a bar mu a baya ba. Fistin ɗinmu, wato bulon da ke tura wasu bulo, yana tura akwati da murhu da kayan da ke cikinsu, nasu ba ya iyawa. Mu muna zuba wa rake garin ƙashi ya miƙe nan take, su sai dai su jira. Muna kuma iya dasa bulo a gabanmu muna tafiya a kan gada, su sai sun juya baya sun raɓe a gefe.

Yadda za ka gane bidiyon Java tun kafin datarka ta ƙare: dubi hannun hagun mai wasan. In ka ga tocila ko burodi ko bulo a can, Java ne, domin a Bedrock hannun hagu garkuwa da taswira da kibiya da 'yan wasu abubuwa kaɗan kawai yake karɓa. In za ka yi bincike, rubuta Bedrock tare da lambar sabuntawar da ke wayarka. Sannan ka buɗe duniya guda shimfiɗaɗɗiya a yanayin Creative ka ware ta don gwaji. Duk injin da ka gani, fara gina shi a can inda kaya kyauta ne. Ni tawa ta cika da gine-ginen da ba su taɓa motsi ba, kuma mafi yawansu masu bidiyon sun rantse suna aiki.

Tambaya: Yaya, yayana ya ce lu'u-lu'u a hawa na 12 yake. Na haƙa har digogina suka ƙare, ƙarfe da tagulla kawai nake samu.
– Wani yaro daga Tudun Wada

Amsa: Yayanka ya faɗi gaskiyar zamaninsa. A da, ƙarshen ƙasa a sifili yake, hawa na 11 da na 12 su ne wurin arziki. A watan Nuwamba na 2021 sabuntawar 1.18 ta zurfafa duniya zuwa -64, ta ɗaga sama zuwa 320, lu'u-lu'u kuma ya bi ƙasa. Yanzu yana farawa daga hawa na 16, yana ƙaruwa gwargwadon zurfinka, ya fi yawa wajen -58 da -59. Shiga saitin duniyar ka kunna Show Coordinates; lambobi uku za su fito a kusurwar allo, ta tsakiya ita ce hawanka. Kunna wannan ba ya cikin maguɗi, ba ya hana ka lambobin yabo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: lokacin da wasan yake ƙirƙirar ƙasa, yana soke wani kaso na lu'u-lu'un da ya faɗo a jikin iska. Shi ya sa za ka yi ta yawo a ƙaton kogo kana ganin ɗaya nan ɗaya can, alhali wanda ya yanka rami cikin dutse tsintsa yana cin karo da dunƙule. Amma ruwa ba iska ba ne a lissafin wasan. Kogon da ruwa ya cika, a can ƙasa, bangonsa ya fi na busasshe lu'u-lu'u. In ka samu bulon nan mai ja-ja kamar garwashi a ƙasan ruwa yana fitar da kumfa, shiga cikin kumfar numfashinka zai dawo, ka durƙusa a kansa don kada ya ƙona ka.

Dutsen can ƙasa baƙi ne mai tauri, fasa shi yana cin kusan ninki biyu na lokacin dutsen sama, saboda haka tafi da digogi da yawa. Ta dutse ba ta ciro lu'u-lu'u, ɓata shi kawai take yi. Sai ta ƙarfe ko wadda ta fi ta. Daga wajen -55 zuwa ƙasa tafkunan narkakken dutse suke, don haka bokitin ruwa ya zauna kusa da yatsanka, ba cikin jaka ba. Kada ka haƙa bulon da kake tsaye a kai.

In tsakuwa ta tare maka hanya tana ta zubowa, kada ka ƙarar da shebur. Fasa ta ƙasan, ka yi maza ka dasa tocila a gurbinta. Duk wadda ta faɗo kan tocilar wargajewa take yi, sai tsinta. Rairayi ma haka.

Tambaya: Malam, na shuka alkama, na tafi nesa neman ƙarfe, na yi kwanaki a cikin wasan. Da na dawo na iske ta yadda na bar ta, ko tsawon yatsa ba ta ƙara ba. A gida mu manoman albasa ne, ban taɓa ganin shukar da ke jiran mai ita ba.
– Matashi daga Kware

Amsa: Ta Minecraft tana jira, ɗan'uwa, kuma in ka gane dalili ka gane rabin wasan. An yanka duniyar fuloti-fuloti, kowane bulo 16 a tsaye 16 a kwance, daga sama har ƙasa. Waya ba za ta iya tafiyar da duniya duka a lokaci ɗaya ba, sai ta raya fulotan da ke kewaye da kai kaɗai, sauran ta daskarar da su. A yawancin wayoyi fuloti huɗu ne ta kowace fuska, wato wajen bulo 64. Kana wuce nan, shuka ta tsaya, ɗan maraƙi ya daina girma. Kada nisan gani ya ruɗe ka, saitinsa daban ne: kana iya hango gonarka daga kan tudu, kore shar, alhali ba abin da ke motsi a cikinta. Barci ma ba ya taimakawa, agogo kawai yake tsallakewa, alkama ba ta san an kwana ba. Maganin kawai ka yi gona inda kake yini, ko ma ka haƙa ramin ma'adinanka a ƙarƙashinta, tunda fuloti har ƙasa ya kai.

Wannan ƙa'idar tana da ranarta. Idan ka mutu, kayanka suna zube minti 5 kafin su ɓace, amma mintunan ba sa tafiya sai fulotin yana raye. In ka mutu nesa da gadonka, inda kake farkowa bayan mutuwa, kada ka fita a guje tsirara cikin dare. Zauna ka ci abinci, ka ƙera takobi, gari ya waye. Agogon ba zai fara ba sai ka matso. Wanda ya mutu a bayan gidansa shi ne mai gaggawa.

Tunda manomi ne kai, ga abin da zai yi maka daɗi. Bulon ruwa ɗaya yana jiƙa ƙasa har bulo huɗu ta kowane ɓangare, har da kusurwa. Ka yi fili 9 sau 9, ka huda tsakiya ka zuba bokiti guda, ka samu kunya 80 a jiƙe. Ba ka bukatar dogayen magudanan da nake gani yara suna ja. Na biyu, wasan yana rage wa shuka saurin girma da rabi idan irinta ya kewaye ta. Ka yi layin alkama, layin karas, layin alkama, layin dankali, za ka ga sun riga gonar da aka cika da abu ɗaya nuna. Shuka tana son haske mai ƙarfin 9 zuwa sama, saboda haka 'yan tociloli a gefe suna sa ta ci gaba da girma da dare. Kada ka yi tsalle a kan kunya, komawa take yi fako.

Ruwa kuma ba ya ƙarewa in ka iya ajiye shi: rami biyu sau biyu, bokiti ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a wadda ke fuskantarta, ka samu rijiyar da ba ta ƙafewa.

Zancen da ake yi cewa rake ya fi saurin girma a kan rairayi, ba shi da tushe. Rairayi da ƙasa duk ɗaya ne, ruwa a gefensa kawai yake nema. Na san akwai mai shirin musu. Ya dasa goma nan goma can a duniyar gwaji ya zuba ido.

Tambaya: Baba Malam, ina wuni. Duk ƙawayena gidajen Turawa suke ginawa masu gilashi. Ni ina son irin gidan kakata na cikin gari, mai zaure da soro da zanko. Da wane bulo zan yi? Kuma wanda na fara, kirifa, koren dodon nan mai fashewa, ya sauko daga saman rufin ya fashe min da zaure.
– Wata ɗaliba daga Runjin Sambo

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ta fi kowace faranta min rai a wannan wata. Kin zo a daidai, domin tun sabuntawar 1.19 ta 2022 wasan yana da laka da tubali. Ana samun laka a fadamar itatuwan nan masu saiwa a waje, amma ba sai kin je nema ba. Ki narka rairayi ya zama gilashi, gilashi uku su ba ki kwalba uku. Ki cika kwalba da ruwa, ki zuba a kan bulon ƙasa wanda ba shi da ciyawa a kai, nan take ya zama laka, kwalbar kuma ta dawo hannunki. Laka ɗaya da alkama ɗaya su ba ki cuɗaɗɗiyar laka, kamar dai yadda maginanmu ke tattake ƙasa da ciyawa kafin su dunƙula tubali. Huɗu daga cikinta su ba ki tubali huɗu. Kin ga ke nan gida babba gona babba yake ci. Ki fara shuka alkama tun kafin ki ja layin harsashi.

Launin tubalin ƙasa-ƙasa ne mai ɗan ja, ya dace sosai. Amma kada ki yi bango da shi zalla, zai fito kamar an goge shi da dutsen guga. Ki riƙa cakuɗa shi da cuɗaɗɗiyar lakar, ita ce mai kama da yaɓe, ki sa ta fi yawa a sama, tubalin a ƙasa. Ki yi gindin bango da kauri biyu, sama da kauri ɗaya, ki haɗa su da matakalar tubali, sai ya ba da wannan shigewar da katangar gargajiya take yi tana hawa. Zanko kuwa, ki ɗora guntun shingen tubali a kan kowace kusurwa, biyu a kan juna, ki jingina masa matakala ta gefe. Azara ki yi ta da gungumen itace mai duhu, a jere a ƙarƙashin rufi, kawunansu su ɗan leƙo. Indararo, matakala guda a kife ta ishe ki. Rumbu a tsakar gida, dunƙulen ciyawa a kansa. Zauren ki yi masa ƙofa biyu da ba sa kallon juna, kin dai san dalili.

In kina son ado a bakin ƙofa: ki ɗora laka a kan bulon da kika rataya wa tsinin dutsen kogo a ƙarƙashinsa, ruwanta zai tsiyaye a hankali ta zama yumɓu. Ki gasa bulon yumɓun, ki rina shi, ki sake gasawa, sai ya fito da zane. Zanen yana juyawa gwargwadon inda kika fuskanta lokacin dasawa, don haka huɗu da aka dasa daga fuskoki huɗu suna haɗuwa su zama fure ɗaya.

Yanzu ga kirifa. Rufin soro shimfiɗaɗɗe ne, kuma duhu ne da dare, wato kin yi musu masauki. Tun 1.18 dodanni ba sa fitowa sai inda hasken fitila ya zama sifili. Tocila tana da ƙarfi 14, yana raguwa da ɗaya a kowane taku, kuma taku ake ƙirgawa, ba a yanke ta kusurwa. In ba kya son tociloli su ɓata miki rufi, ki shimfiɗe shi da rabin bulo, na ƙasa ba na sama ba. Ba abin da ke fitowa a kansa. Gilashi da darduma ma haka. Sannan ki nemi kyanwa a ƙauye, ki lallashe ta da ɗanyen kifi, ki zaunar da ita a zaure. Kirifa ba ya kusantar kyanwa.

Kada ki manta da raƙumi. Ya shigo a 2023, ana samunsa a ƙauyukan hamada, yana ɗaukar mutum biyu, yana taka shinge ya wuce, kuma tsayinsa ya sa zombi ba ya kai wa mahayinsa hannu. Idan kin gama ki aiko da hoto mu buga.

Tambaya: Wai da gaske akwai Herobrine? Ina jin wani kuka a cikin rami, kuma da safe ina tarar an cire min bulo a katanga.
– Yaro daga Gidan Igwai

Amsa: Babu shi, ɗana, bai taɓa kasancewa a cikin wasan ba. Labarin wata fatalwa ne da aka ƙaga a intanet a 2010, har kamfanin Mojang ya mayar da shi abin raha, yana rubuta cewa ya cire shi a jerin gyare-gyaren sabuntawa. Kukan da kake ji sauti ne da wasan yake sakewa idan akwai wuri mai duhu kusa da kai. Ɓarawon katangarka kuma dogon baƙin nan ne mai idon shunayya, Endaman. Yana ɗaukar ƙasa da rairayi da tsakuwa, ba ya ɗaukar fasasshen dutse ko katako. Sauya kayan ginin. In ya biyo ka, shige ƙarƙashin rufi mai tsayin bulo biyu, shi kusan uku ne, ba ya shiga; ko ka faɗa ruwa. In ka kifa fafaffiyar kabewa a kanka, ko ka kalle shi ido cikin ido ba ya fushi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana biyu sun nace wa wannan wasa. Kullum sai an saya musu data, wayar ta yi zafi kamar za ta kama wuta, in na ce su ajiye sai su ce bari gari ya waye. Wane gari kuma? Ka ba ni shawara.
– Wata uwa daga Gawon Nama

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Garin cikin wasan suke nufi, kuma a nan kin samu abin kama su. Yini da dare a Minecraft minti 20 ne cif. In kin ce su yi kwana uku su ajiye, awa ɗaya ke nan ba daɗi, har ma ya gaza in suna kwanciya da dare, kuma ba mai ce miki bai ga faɗuwar rana ba. Wannan ya fi a tsaya ana jayayya da agogon bango.

Batun data, a rage. Bayan an sauke wasan, ana buga shi ba tare da intanet ba. Ko su biyun suna son haɗuwa a duniya ɗaya, ɗaya ya kunna hotspot, ɗayan ya shiga, a kashe data, su ga juna, matuƙar lambar sabuntawar wayoyinsu ɗaya ce. Wanda ke cin data shi ne kallon bidiyo da shiga dandalin da baƙi suke taruwa. Wannan na biyun shi zan so ki sa wa ido, domin can ana hira da mutanen da ba a sani ba. Wasan da ɗan'uwa ko ɗan maƙwabta a tsakar gida bai dame ni ba. Ra'ayina dai, cikin abin da yara ke yi da waya wannan yana cikin masu dama: yaron da ya lissafa tubali nawa zai ci katanga ya yi lissafi ko bai sani ba. Amma ba ya maye gurbin Islamiyya ko aikin gida, kuma na ga wanda ya kai shi ga makara sallah.

Zafin waya, musamman in bazara ta kama a garin nan, su shiga saitin hoto su rage nisan gani zuwa fuloti shida ko ƙasa, su kashe kyawawan ganyaye da gajimare, su cire rigar wayar, kuma kada su buga tana jone da caji. Abu na ƙarshe, Hajiya: kada a bar kowa ya goge wasan don a sake saukewa kafin a kwafe duniyoyinsu a ajiye wani wuri. Gogewa tana iya tafiya da ginin wata da watanni, kukan da zai biyo baya kuma ke za ki sha shi.

Tambaya: Malam, na sami ƙauye mai kyau amma tsakaninsa da gidana bulo 1,600 ne. Kullum a ƙafa nake zuwa. Akwai gajeriyar hanya?
– Mai gyaran waya daga Tsohuwar Kasuwa

Amsa: Akwai, Maigida, ta cikin wuta ta bi. Taku ɗaya a Nether, duniyar wuta da ake shiga ta wata ƙofa ta musamman, daidai yake da takwas a duniyar sama, don haka tafiyarka ta koma 200. Inda mutane ke kuskure shi ne barin wasan ya zaɓa musu inda ƙofa za ta fito. Rubuta lambar farko da ta ƙarshe ta wurin da kake so a ƙauyen, raba kowace da 8, ta tsakiya ka bar ta yadda take. Shiga Nether, je daidai wannan sabon lissafin, gina ƙofa da hannunka. Bulon baƙin dutsen obsidiyan 10 sun isa in ka bar kusurwoyi. Tsakanin ƙofofin biyu ka yi rami rufaffe da fasasshen dutse, domin ƙwallon wutar farin dodon nan mai shawagi ba ya fasa shi. Ka riƙe ƙyastu a jaka, in ya kashe maka ƙofa ka sake kunnawa.

Ka sa wani abu na zinariya a jiki, ko takalmi ne, mutanen can masu kan alade za su ƙyale ka, sai fa in ka buɗe akwati ko ka fasa zinariya a gabansu. Ruwa ba ya zubuwa a can, ƙafewa yake yi, amma yana zama a cikin tukunyar ƙarfe, kuma in wuta ta kama ka kana iya faɗawa ciki. Gado kuma kada ka kuskura ka kwanta a kai, bam ne. Masu wayo da gangan suke fasa shi a wajen hawa na 15 don tono ma'adinin nedarayit, wanda fashewa ba ta lalata shi. Suna sa bulo tsakaninsu da gadon kafin su taɓa. Kai da kake fara shiga, bar wannan tukuna.

Tambaya: Digata ta lu'u-lu'u ta kusa karyewa, na kai ta kan maƙera, sai ta rubuta min Too Expensive, alhali ina da maki sama da 50.
– Ɗalibin jami'a daga Dundaye

Amsa: Ko maki 500 gare ka ba za ta karɓa ba. Kowane kaya yana ɗauke da ɓoyayyen lissafin sau nawa ya hau maƙera, kuma tarar tana ninkuwa: 1, 3, 7, 15, 31. Da zarar kuɗin aiki ɗaya ya kai 40, an rufe ƙofa. Wannan digar ta riga ta tsufa. Dutsen wasa wuƙa yana share tarar, amma yana tafiya da duk ƙarfin da ka ɗora mata. Nan gaba ka riƙa haɗa littattafan ƙara wa kaya ƙarfi biyu-biyu tukuna, sannan ka ɗora su kan digar a hawa kaɗan, maimakon ɗaya bayan ɗaya.

Abin da zai raba ka da gyara gaba ɗaya shi ne littafin Mending, wanda ke ɗinke kaya da makin da kake tsinta. Teburin ƙara wa kaya ƙarfi ba ya bayar da shi ko ka kewaye shi da kantar littattafai 15. Wajen ɗan ƙauye mai littattafai ake samu. Ka nemi wanda ba shi da sana'a, ban da mai koriyar riga, shi ba ya aiki har abada. Da rana ka dasa masa teburin karatu, ka duba abin da yake sayarwa. In ba Mending ba ne, fasa teburin ka sake dasawa, hajarsa za ta sauya. Kada ka sayi komai sai ka ga abin da kake nema, domin ciniki ɗaya yana kulle hajarsa. Yana iya ɗaukar ka lokaci, ka tanadi haƙuri da caji.

Zumurrudun biya ba wuya: mai yin kibiya yana sayen sanda 32 a kan zumurrudu ɗaya, itace kuwa ba ya ƙarewa. In kuma zombi ya ciji ɗan ƙauyenka ya rikiɗe, watsa masa ruwan raunana jiki, ka ba shi tuffar zinariya, ka tsare shi daga rana na 'yan mintuna. In ya warke zai riƙa yi maka rangwame. Sai dai ka duba matakin wahalar duniyarka kafin ka bar zombi ya matso shi da gangan: a mataki mai wuya kowane ɗan ƙauye rikiɗewa yake yi, a matsakaici rabi ne, a mai sauƙi kuwa mutuwa kawai yake yi, ka rasa shi da littafinsa.